TITO GOBBI: MAWAƘIN DA YA YI SUNA DA FITOWA A MUGU

'Yan'uwana ɗalibai, bara da Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta ba ni in fito a azzalumin basarake, na ƙi, don tsoron kada sunan ya bi ni har ɗakin kwana. Da malaminmu ya ga na kafe, sai ya kira ni ya nuna mini wani tsohon fim marar launi. Na ga wani Bature yana rera waƙa yana murmushi, amma murmushin nan nasa sai da ya sa tsigar jikina ta tashi. Malam ya ce sunansa Tito Gobbi. Labarinsa ne na ke so in ba ku yau.

Da farko bari mu san irin sana'arsa. Opera wani irin wasan kwaikwayo ne da ya samo asali a ƙasar Italiya wajen shekarar 1600. Bambancinsa da namu shi ne, 'yan wasa rera maganarsu su ke yi, makaɗa suna raka su. Muryoyin maza kashi uku ne: akwai siririya mai tashi sama, akwai kakkaura mai sauka ƙasa, akwai kuma ta tsaka-tsaki wadda a ke kira bariton. Mai siririyar murya shi a kan ba saurayi. Mai bariton kuwa, sau da yawa uba ko abokin gaba ne rabonsa. Wannan ita ce muryar Gobbi.

An haife shi ran 24 ga Oktoba, 1913, a garin Bassano del Grappa, a arewacin Italiya. Ya shiga jami'ar Padua don koyon aikin lauya, sai wani aminin gidansu ya ji shi yana waƙa, ya ba shi shawara ya je a horar da muryarsa. A 1932 ya tafi birnin Rum wurin wani mawaƙi mai suna Giulio Crimi. Wadda ta ke kaɗa masa piyano a can, Tilde De Rensis, ita ya aura a 1937.

Ya fara hawa dandali a 1935 a wani ƙaramin gari, Gubbio. Ba dare ɗaya ya yi suna ba. Shekara da shekaru yana karɓar ƙananan matsayi a gidan opera na Rum, yana kallon manya yana koyo. Sannu ba ta hana zuwa: a 1942 ya fito a La Scala ta Milan, gidan da kowane mawaƙin Italiya ke burin shiga. A 1948 ya yi wasa a San Francisco ta Amurka, a 1950 kuma a Landan. Kafin ya huta ya taka matsayi wajen ɗari.

Cikinsu duka, wanda ya fi fito da shi shi ne Scarpia, a wasan Tosca na Puccini. Scarpia shugaban 'yan sandan Rum ne, wanda ya kama masoyin wata mawaƙiya mai suna Tosca, ya ce ba zai bar shi da rai ba sai ta ba shi kanta. Daga ƙarshe ta soke shi da wuƙa. Gobbi ya ɗauki wannan wasa a faifai a 1953 tare da shahararriyar mawaƙiya Maria Callas, suka sake yin sa a Landan a 1964. Wancan na Landan shi ne fim ɗin da na gani.

To, mene ne sirrinsa? Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfin murya. Abin da ya fi su da shi shi ne nazari. Ya kan karanta tarihin mutumin da zai fito a matsayinsa, ya zana kamanninsa a takarda, ya yi wa fuskarsa kwalliya da hannunsa. Ya gane cewa azzalumin da ya fi ban tsoro shi ne mai ladabi da taushin magana, saboda haka bai cika yi wa Tosca tsawa ba, lallashinta ya ke yi kamar kyanwa da ɓera.

Da girma ya zo sai ya koma shirya wasanni da koyar da matasa a birnin Florence. Ya bar dandali a 1979, ya rasu a Rum ran 5 ga Maris, 1984, yana da shekara 70.

Ni dai na koma na karɓi matsayina. Na sassauta murya, na yi murmushi kamar yadda na ga ya yi, har 'yan aji ɗaya suka riƙa yi mini ihu. Sunan kuwa ya bi ni, kamar yadda na ji tsoro, amma yanzu in an kira sai in amsa. A nan zan dasa aya.