Issey Miyake da darasin ƙyalle ɗaya ga telolin Kafanchan

A makonnin ƙarshe na watan Disamba kekunan ɗinki ba sa hutawa a Kafanchan. Ga Kirsimeti, ga bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, kowa na son fita da sabon ɗinki. Amma wanda ya leƙa shagunan telolin zai ga yawancin yadin daga waje aka shigo da shi, samfurin ɗinkin kuma daga hoton waya aka kwafo. A nan ne tarihin Issey Miyake, gwanin zayyana tufafi na ƙasar Japan, yake da abin faɗa mana.

An haife shi a Hiroshima a 1938. Yana ɗan shekara bakwai Amurka ta jefa wa birnin bam ɗin nukiliya, mahaifiyarsa kuma ta rasu cikin shekara uku sakamakon gubar bam ɗin. Bai yarda a san shi da wannan masifa ba, sai a 2009 ya bayyana labarin a jaridar New York Times. Bayan karatun zane a Jami'ar Tama ta Tokyo, ya tafi Paris a 1965, ya yi aiki a ƙarƙashin Guy Laroche da Hubert de Givenchy, sannan ya leƙa New York. A 1970 ya koma gida ya buɗe wurin aikinsa.

Komawar nan ita ce ta ɗaukaka shi. Telan Turai yana yanka yadi gunduwa-gunduwa don ya bi surar jiki. Miyake kuwa ya duba kimono, rigar kakanninsa, ya ɗauki hikimar ƙyalle ɗaya mai barin sarari tsakanin jiki da tufa. Duk wanda ya taɓa saɓa babbar riga ko ya ɗaura zane ya san wannan hikima tun daga gida.

Bai tsaya ga gado kawai ba, ya haɗa shi da injin. A 1993 ya fito da Pleats Please: ana ɗinka rigar da girman da ya wuce na mai sawa, a sa ta tsakanin takardu, a danne da injin mai zafi har ta yi ninki-ninkin da wanki ba ya warwarewa. Ba ta bukatar guga, abin da ma'aikacin da ya wayi gari babu lantarki zai fi kowa yabawa. Baƙar rigar nan mai dogon wuya da aka san Steve Jobs da ita ma aikinsa ce. Ya rasu a Tokyo ranar 5 ga Agusta, 2022, yana da shekara 84.

Sai dai gwani ba ya tashi shi kaɗai. Miyake ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masaƙu da marinan ƙasarsa. Telan Kafanchan fa, da wa zai yi? Masaƙar KTL da aka kafa a Kaduna a 1957 ta rufe tun 2002, wasu ma sun bi bayanta.

A nan maganar ta iso teburin mai karatu. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida wajen saye, har da kayan sarki da takalma. Jami'in da ke rubuta takardar kwangila a Abuja shi ke yanke ko wannan umarni zai yi aiki ko zai kwana a fayil. Haka nan ranar Juma'a, idan zai saɓa riga, yana da zaɓin yadin da zai saya da telan da zai kai wa. Telolin Kafanchan suna da hannu, suna da gado. Abin da suka rasa shi ne masaƙar da za ta saƙa musu yadin da suka zayyana, da mai sayen da zai biya kuɗin tunaninsu.