Bazarar Mutanen Siwidin a Cikin Tsibirai

Baƙon da ya sauka Stockholm a watan Yuli don harkar ofis zai sha jira, domin rabin kujerun babu masu su. Dokar ƙasar Siwidin ta ba kowane ma'aikaci hutun kwana 25 a shekara da albashinsa, kuma yana da damar ɗaukar mako huɗu a jere tsakanin Yuni da Agusta. Mutanen da suka ci hunturu suna ganin rana ta awa 6 kacal a yini ba sa wasa da lokacin da take kai awa 18 a sama. Da yawansu ruwa suke nufa.

Gabas da birnin, cikin tekun Baltik, akwai tsibirai manya da ƙanana kimanin 30,000. Na kusa da gari dazuka ne da gidajen katako masu jan fenti, irin wanda asalinsa ya fito daga mahaƙar tagulla ta Falun. In an yi nisa sai itatuwa su ƙare, a bar ka da falalen duwatsu sumul, waɗanda ƙanƙarar zamanin da ta goge. A tsakaninsu ne abokai uku ko huɗu, ko iyalai biyu, kan shafe mako ɗaya ko biyu cikin jirgi mai filafilai.

Ana ɗaukar irin wannan jirgi kayan attajirai ne, kuma a Sandhamn, inda ƙungiyar matuƙa ta masarauta da aka kafa a 1830 ke da sansani, lallai akwai na alfarma. Amma da yawa daga jiragen da ke yawo tsofaffi ne, ƙirar shekarun 1970, malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya suka saya hannu na biyu, wani lokaci ma haɗa kuɗi abokai suka yi. Ƙungiyoyin masu jiragen da gayya suke tafiya. A watan Afrilu ko Mayu kowa ya kankare nasa ya shafa fenti, ranar sakawa cikin ruwa kuma a taru a kama wa juna, kuma akwai kwanan gadi da ke zagayowa kan kowane ɗan ƙungiya.

Da an kwance igiya, muƙamin gari ya tsaya a gaɓa. Maganar matuƙi ce ke aiki, ko da shi ne ƙarami a cikinsu. Wani na riƙe da taswira saboda duwatsun da ke kwance ƙarƙashin ruwa, wani na kan igiyoyi, wani a ɗan madafin da bai wuce tsayuwar mutum ɗaya ba. Ba a barin yaro a saman jirgi ba tare da rigar ceto ba. Mutanen da a cikin gari ba sa gaida wanda ba su sani ba, a ruwa duk jirgin da suka gifta sai sun ɗaga masa hannu. Tuta ma da ladabinta: a ɗaga ta da ƙarfe 8 na safe, a sauke ta da faɗuwar rana, ko da ƙarfe 9 na dare in ranar ta ƙi faɗuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke kwana. Baltik kusan ba ta da cikowa da janyewa irin na sauran tekuna, don haka ana iya manna jirgi da dutse. Da la'asar sai a nemi lungun da iska ba ta bugawa, a jefa anga ta baya, a matso a hankali har goshin jirgin ya kusa taɓa fa. Mutum ɗaya ya yi tsalle da igiya, ya ɗaure a jikin itace, ko ya buga turken ƙarfe a tsagar dutse. In akwai wanda ya riga ku isowa, yakan taso ya karɓi igiyar, ya ce sannu, ya koma wurinsa. Ba a matse wa kowa in akwai fili.

Tsibirin da aka sauka wataƙila yana da mai shi, amma ba sai an nemi izini ba. Tsohuwar al'adar da suke kira allemansrätten, wadda aka shigar cikin tsarin mulki a 1994, ta ba kowa damar ratsa ƙasar wani, ya yi iyo, ya tsinki 'ya'yan itacen daji, ya kwana dare ɗaya ko biyu. Sharaɗin shi ne kada ka dami kowa, kada ka ɓata komai. Ba a kusantar ƙofar gidan mutane. Ba a hura wuta a kan falalen dutse, domin zafi na fasa shi kuma ba ya gyaruwa. Tsibiran da tsuntsaye ke ƙwai an kafa musu alama, ba a sauka sai lokacin ya wuce. Shara kuwa kowa ya koma da tasa. Ina ganin girman wannan al'ada, domin babu mai gadi a kan tsibiri 30,000. Amana ce ke riƙe da ita, kuma yara a cikin jirgi suke koyon ta.

Abincin ba shi da wuya: kifin herin da aka tsima a ruwan tsami, sabon dankali, busasshen burodi, da kofi sau da yawa a yini. A wasu tsibiran gidauniyar kula da yankin, wadda aka kafa a 1959, ta gina ɗakunan sauna na itace. Kamar sirace ne, sai dai jiki duka ake gasawa, daga nan a fito a guje a faɗa ruwan da sanyinsa ke ɗauke numfashi. Babbar ranar ita ce jajiberin tsakiyar bazara, Juma'ar da ta faɗo tsakanin 19 da 25 ga Yuni. Ranar akan yi wa jirage ado da ganye, a kafa dogon sanda mai furanni a yi rawa kewaye da shi, 'yan mata su tsinki fure kala bakwai su sa ƙarƙashin matashi don su yi mafarkin wanda za su aura.

Shagalin yana da tasa ɓarakar. Shan barasa ya daɗe yana jawo haɗari, har a 2010 aka tsaurara doka kan matuƙan manyan jirage da masu gudu. Wanda ya hau dutse ko injinsa ya mutu, galibi 'yan sa-kai na ƙungiyar ceto da aka kafa a 1907 ne ke fitowa su ja shi. Tekun kansa ma yana jin jiki. Takin gonaki da ƙazantar birane na ƙasashen da ke kewaye sun cika shi, shi ya sa a tsakiyar zafi wani koren kumfa mai guba kan rufe wasu lungunan, a hana yara da karnuka shiga. Tun daga 2015 an haramta wa jiragen shaƙatawa zubar da ruwan bayan gida cikin teku, dole matuƙi ya nemi tashar da ke da injin zuƙewa, ya bi layi komai tsawonsa.