Kallon Su a Argungu: Zaɓen Rana da Sa'a Haƙƙin Maigida Ne

Bikin kamun kifi na Argungu kwana huɗu ake yi ana shagalinsa, amma gasar su ɗin da ta kai sunansa duniya ba ta wuce kamar sa'a guda. Ana ba da alama, dubban masunta su auka Matan Fada da homa da gora, ruwa ya gurɓace, kafin mai kallo ya gama gyara tsayuwa an fara jawo giwan ruwa zuwa sikeli. Domin wannan sa'a ce mutanen Birnin Kebbi da Jega da Kamba da Sakkwato, har da maƙwabtanmu na Gaya da Doso a Nijar, suke ɗunguma a safiya ɗaya zuwa gaɓar ruwa ɗaya. Babu laifi ga saurayi mai ƙarfi a jika ya shiga wannan taro. Magana tana kan mai iyali, wanda zai ɗebo yara da mata da tsoho ya tunkari wurin a daidai lokacin da ya fi cika, alhali yana da wasu ranaku da wasu sa'o'i da zai iya zaɓa. Wannan zaɓin yana cikin haƙƙin iyali da ke wuyansa, kamar ci da sutura.

Dalilin cikar wurin a bayyane yake. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su na girmamawa don tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, bikin yake ƙara girma. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. An yi kimanin shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020, kuma abin da aka daɗe ana ƙishirwarsa kowa yakan so ya gani da idonsa. Sai dai sunan biki ne ya faɗaɗa, gaɓar Matan Fada tana nan yadda take. Masaukan garin kaɗan ne, shi ya sa baƙi da yawa suke kwana a Birnin Kebbi su kamo hanya da safe. A ranar ƙarshe kuma manyan baƙi suke zuwa, shugaban ƙasa ko wakilinsa, gwamnoni da sarakuna, kowa da ayarin motoci da jami'an tsaro. Hanya takan tsuke, a killace wasu mashigai, talaka ya ajiye mota nesa ya ƙarasa da ƙafa ko a kan kabu-kabu mai kuɗin ranar biki. Wanda ya iso a makare ƙeyar mutane zai kalla, ya koma gida ya ji nauyin kifin da ya ci gasa a rediyo kamar wanda bai je ba.

Rashin ganin kifi ƙaramar asara ce. Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne yadda cunkoso yake kisa. Ana ɗauka sai an faɗi an tattake mutum, alhali mafi yawan masu mutuwa a turmutsutsu numfashi ne yake gagarar su, wasu ma a tsaye, saboda an matse ƙirji har ba ya iya buɗewa. Masana harkar taro sun nuna cewa da zarar mutum shida ko bakwai sun cushe a murabba'in mita ɗaya, ba wanda yake iko da ƙafarsa kuma, taron ne yake ɗaukarsa ya kai shi inda ya so. Na baya ba ya ganin halin da na gaba yake ciki, turawa kawai yake yi. Yaro kuwa, wanda kansa bai wuce ƙugun manya ba, shi ne farkon wanda iska take yanke wa. A watan Disamba na 2024 yara 35 suka rasu a wani taron wasan yara a Ibadan, kwana uku bayan haka aka sake rasa rayuka a Okija da Abuja wajen rabon abinci. A Argungu akwai ƙarin abu biyu: ruwa a gaba, rana a sama. Bikin yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da hunturu yake janyewa zafi yake kunno kai, kuma a ƙasar Kabi zafin bazara yakan haura digiri 40. Lokacin sanƙarau ne ma, cutar da cunkoso da ƙura suke taimaka wa yaɗuwa.

To me mai iyali zai yi? Ya duba jadawalin bikin tun kafin ya sa rana. Ranakun da suka gabaci gasar su cike suke da abin kallo: baje kolin amfanin gona, kokawa da dambe, kaɗe-kaɗe, sai kuma kabanci, wanda a ganina ya fi gasar kanta daɗin kallo ga yaro. A nan ake tseren kwalekwale, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, ana yi ɗaya bayan ɗaya yadda ido zai iya bi. Ya zo da hantsi, ya bar wurin kafin rana ta take. Idan kuwa ya nace sai ranar su, to yaye da goyo da mai juna biyu su zauna gida, shi ya tsaya gefe inda yake ganin mafita, nesa da bakin gaɓa da shinge. Tashi ma yana da lokaci, domin sa'ar da aka watse, kowa ya nufi mota a tare, ita ce ta fi haɗari a ƙofa da kan titi. Ko ya riga jama'a fita, ko ya zauna inuwa har ƙura ta lafa. Amma kada a ɗauka sammako maganin kowane taro ne. A Ibadan tun asuba iyaye suka taru a ƙofa domin an yi alkawarin rabo, kuma a ƙofar abin ya faru. Duk inda aka ce kyauta za a raba ga wanda ya riga zuwa, ba wurin kai yaro ba ne ko da wane lokaci.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar biki sam. Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Argungu da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958, yana nan duk shekara da makamai da kayan su da kayan sarautar Kabawa. Yaron da aka kai ranar Talata ta yau da kullum zai tsaya ya yi tambaya a ba shi amsa. Haka wuraren wasan yara a Birnin Kebbi, ko gidan zu na Kano: ranar Sallah da washegarinta ne ake layi a kan lilo, a kwana na huɗu ko na biyar kuwa kuɗin Sallar yaro bai ƙare ba, layin ne ya ƙare.

Wani zai ce ai taron shi ne bikin, wa zai je kallo inda ba mutane? Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a ƙaurace. Amma akwai bambanci tsakanin taron da kake yawo a cikinsa kana gaisawa da 'yan uwa, da wanda ba ka iya ɗaga hannu ka share gumi. Na farko ana samun sa a dukan kwanakin bikin, na biyu kuwa 'yan sane ne kaɗai suke murna da shi. Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mai musun ƙaddara, sai dai mu dubi wurin da ya fi kowane daraja a gare mu. Bayan ɗaruruwan alhazai sun rasu wajen jifa a 2006, hukumomin Saudiyya sun sake gina Jamrat hawa-hawa, suka raba wa alhazai lokutan jifa rukuni-rukuni, malamai kuma suka yi ta jan hankalin masu rauni su guji sa'ar cunkoso. In ibada ta karɓi tsarin lokaci, kallon kifi bai fi ƙarfinsa ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ma'aikaci da ɗan makaranta, waɗanda ba su da sarari sai ƙarshen mako, ranar da gasar takan faɗo. Wannan kam ba laifinsu ba ne, kuma nan ne masu shirya biki suke da aiki. A Amurka wuraren shaƙatawa na Disney sun fara bambanta kuɗin tikiti a 2016, ranar cunkoso ta fi tsada, don jama'a su bazu a sauran ranaku. Mu ba kuɗi za mu ƙara wa talaka ba. Abin da ya dace da mu shi ne a sanar da jadawali da wuri a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a ware ranar iyali da 'yan makaranta, a raba mashiga da mafita, a tanadi ruwan sha da rumfar cigiyar yara. Mai tuwo da mai kifi ma sun fi cin ribar kwana huɗu na ciniki a kan rana ɗaya ta turereniya.

Kafin hukuma ta yi nata, maigida, naka yana hannunka. Tambayi ranar kabanci, rubuta lambar wayarka ka sa a aljihun kowane yaro, ku tsayar da wurin haɗuwa idan an rabu, ku ɗauki ruwa, ku dawo gida kafin magariba.