Kafin ka jona motar lantarki a bangon gidanka

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, zancen abin hawa mai amfani da batir ya daina zama labarin ƙasashen Turawa. Ɗan kabu-kabu a Goronyo da mai ɗaukar albasa daga fadamar Wurno zuwa kasuwar Achida duk suna lissafi guda: in da za a rabu da gidan mai, da an samu sauƙi. Lissafin yana kan hanya. Sai dai mai sayarwa zai gaya maka nisan da motar ko babur ɗin ke yi da caji ɗaya, ba zai tambaye ka wace irin waya ce ke cikin bangon ɗakinka ba. A nan ne kuwa matsalar take.

Abin ba baƙo ba ne a jiharmu ta Sakkwato. A watan Afrilun 2021 hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma tana can Sakkwato. Mutumin Raba ko Gandi ba zai kwashi hanya zuwa jami'a kullum don caji ba. Gida zai dogara da shi, ko shagon wani.

To, ga yadda wutar gida take. Soket ɗin da muka saba da shi mai baki uku an yi shi ne don amp 13, wato kusan kilowat 3 a kan wutar bolt 230. Cajar ƙaramar mota kan ja wajen kilowat 2 ko fiye kaɗan, kuma batirin da ke ɗaukar yunit 14 zai shafe awa shida zuwa bakwai kafin ya cika. Ka ɗauka dutsen guga biyu ka kunna a soket guda, ka bar su tun sallar isha'i har asuba. Wayar da ta dace da wannan aiki ita ce jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ko sama, amma gidaje da yawa an ja masu siririyar wayar da aka yi don ƙwan fitila, wata ma farin ƙarfe ce aka shafa mata ja. Irin wannan ba ta nuna gajiya nan take. A hankali take ɗumi, robarta ta yi laushi, bakin soket ya fara baƙi, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba. Duk wanda ya taɓa filogi bayan awa guda ya ji ba zai iya riƙe shi ba, ya cire, kada ya sake jonawa sai mai gyaran wuta ya duba.

Abin da ya fi shi ne a jawo wa cajar layinta daban tun daga mita, da abin katse wuta nata, da wayar da aka binne a ƙasa don kare mutum daga jan wuta. Kuɗi ne, gaskiya, amma bai kai kuɗin rufin ɗaki ba. Doguwar wayar jone-jone ta kasuwa, wadda ake naɗewa a bar ta a dunƙule, ba ta cikin lissafi sam. Haka ƙaramin janareton nan da bai kai kilowat ɗaya ba: ba zai ɗauki mota ba, kuma wutarsa mai hawa da sauka tana kashe caja. Wutar Kaduna Electric ma, wadda har yau muke kira Nepa, in an ɗauke ta a zare filogi, don dawowarta da ƙarfi ta sha ƙona kaya.

Sai zafi, wanda shi ne namu na musamman. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin yankin nan kan haura digiri 40, shi kuwa batirin litiyam ba a son a yi masa caji in ya wuce digiri 45. Babur ɗin da ya dawo daga Goronyo da azahar batirinsa ya riga ya ɗau zafin aiki da na rana. A kai shi inuwa ya huce tukuna. Kuma a duba inda ake ajiye shi. Mun saba kwantar da babur a zaure, wanda shi ne ƙofar fita guda ta gidan, ga harawa a jingine, ga zana, ga jarkar fetur a lungu. Gobarar litiyam tana tashi cikin daƙiƙu, hayaƙinta guba ne, kuma takan sake kamawa bayan an ɗauka ta mutu. In ta tashi a zaure da dare, ta ina iyali za su fita? Rumfar kwano a fili, nesa da rumbu, ita ta fi.

Da damina kuma, masu zama bakin gulbin Rima ba su manta ambaliyar 2010 ba. Batirin da ruwa ya shanye, ko wanda ya kumbura, ko ya faɗi ya tsage, ba a jona shi don gwaji.

A waje, cajin zai fi faɗawa hannun masu shagon cajin waya da masu sola. A nan a kula da abu biyu. Caja ba ta aro: ta batir mai bolt 72 in aka sa wa mai 60 za ta cika shi fiye da kima, ta batirin ruwa kuma ba ta yi wa na litiyam, ko da bakinsu ya shiga daidai. Ka tafi da taka. Na biyu, a yi ciniki da yunit, a karanta mita kafin jonawa da bayan cirewa, domin cinikin awa yana cutar mai mota duk ranar da wuta ta zo ba ƙarfi. Shi ma mai shago ya tambayi wanda ya haɗa masa sola ko inbatarsa za ta iya jan kilowat 2 na tsawon awoyi, tun kafin ya karɓi kuɗin kowa.