Cin Rani a Bakin Dam: Wata Uku a Ɗakin Haya

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki. Da farko an ce na gargaɗi ne, na mako huɗu. Mu huɗu muka dawo Funtua cikin sati guda: biyu daga ABU Zariya, ɗaya daga Bayero, ɗaya daga Dutsinma. Kwana goman farko a majalisa muka ƙarar da su, daga shayi sai musun ƙwallo. Ran nan ɗayanmu, wanda ke karatun aikin gona, ya ce yana da kawu a wani ɗan gari da ke bakin dam tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma ɗakuna a can sun fi masu kwana a ciki yawa. Me zai hana mu kama ɗaya, mu yi lambu, mu yi karatu?

Ba za mu faɗi sunan garin ba. Mutanensa sun fi son a bar su yadda suke, kuma duk wanda ya san halin da yankinmu ke ciki ya san dalili.

An ce a Turai da Amurka akwai masu kama gida a garuruwan bakin teku a ƙarshen sanyi, lokacin da masu yawon buɗe ido ba su fara zuwa ba, haya na da sauƙi, gari kuma shiru. Mu ba mu da teku, dam muke da shi. Abin da ke kwashe mana mutane kuwa cin rani ne. Da an gama kai amfanin gona gida, an sayar da auduga da waken suya, sai samari su kama hanyar Kaduna, Abuja, Legas ko Fatakwal: wasu acaɓa, wasu dako, wasu ga-ruwa. Ɗakin da muka samu na ɗaya daga cikinsu ne, shago ne a jikin zaure, yana da taga ɗaya mai kallon ruwa. Mahaifinsa, dattijo mai 'yar furfura, ya yanka mana naira dubu uku a wata, ya kuma gindaya sharaɗi.

"Samari, ɗakin nan na ɗana ne. Ran da shamuwa ta sauka, ku fara haɗa kayanku."

Muka ce, "To, Baba, Allah ya kai mu." A lokacin mun ɗauka zolaya ce.

Iyayenmu ba su amince da sauƙi ba, kuma da gaskiyarsu. Ba a manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Watanni kaɗan kafin tafiyarmu ma an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Sai da kawun abokinmu ya zo da kansa, ya kai mu gaban mai unguwa, aka rubuta sunayenmu da na iyayenmu, aka ce kada magariba ta same mu a bakin ruwa, sannan aka bar mu.

Mun isa da sauran hunturu. Da asuba hazo kan lulluɓe ruwan har ba ka ganin tsallake, sai dai ka ji filafilin masunta yana dukan ruwa. Alwala kuwa sai ka yi ta maza. Zuwa hantsi masu komar sun fito da karfasa da tarwaɗa, mata masu suya sun tare su, belbelu na bin shanu a gefen fadama. Daga nan sai garin ya yi tsit. Babu ƙarar janareta, babu hon, babu mai tallan da zai tashe ka. Sati na farko shirun nan damun mu ya yi. Ɗayanmu ya riƙa hawa wani tudu bayan masallaci don neman sabis, ya dawo ya ce ba abin da ya faru a duniya. Sati na uku ya daina hawa.

Gaskiya a nan muka yi karatun da ba mu taɓa yi a hostal ba. Littafin lissafin da mai karatun injiniyanmu yake ta kewaye shi tun aji ɗaya, a gindin wani gawo ya gama shi. Gawo dai itace ne mai saɓa wa jama'a: da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Shi ya sa inuwarsa ta yi mana rana.

Lambun ne ya koya mana hankali. Mun je da niyyar tumatir, don kowa ya san irin kwandunan da ake lodi daga Danja da Kafur. Manoman wurin suka yi mana dariya. Tumatir na sanyi ne, tun watan Oktoba ko Nuwamba ake dasa shi. Idan zafin Maris ya shigo, furen zubewa yake kafin ya ƙulla. Ga kuma tsutsar nan da suke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016, ita ma da zafi take ƙarfi. Sai muka koma kankana. Lissafinmu mai kyau ne a takarda: azumi na tafe, kowa na son kankana da buɗa baki. Muka haɗa kuɗin da ke hannunmu, har da wanda aka ba ɗayanmu ya ajiye na rajistar zango mai zuwa, muka karɓi aron fili, muka yi hayar injin ban ruwa da tiyo, muka shuka a farkon Maris.

Abin da ba mu ƙirga ba shi ne kwanaki. Kankana tana bukatar kwana saba'in da biyar zuwa tamanin da wani abu kafin ta nuna. Azumi ya kama ranar 2 ga Afrilu, aka yi Sallah ranar 2 ga Mayu. Ku ɗauki yatsu ku ƙirga. Mai karatun aikin gonan namu ya san wannan adadi, ya taɓa rubuta shi a jarrabawa, amma bai taɓa ɗora shi a kan kalanda ba. Har yau ba mu bar shi ya huta ba.

Sannan ga fetur. A wannan Fabrairun ne aka shigo da gurɓataccen mai ƙasar nan, layuka suka dawo gidajen mai. A hukumance lita naira 165 ce, amma mu a hannun 'yan bumburutu muke saye, a farashin da suka ga dama. Inji kuwa ba ya jin magiya. Taki ma ya tashi bayan Rasha ta shiga Yukiren a ranar 24 ga watan. Wa zai ce yaƙin da ake yi a can zai taɓa fangali goma sha biyu a kudancin Katsina?

Abin da ya cece mu ba mu muka yi tunaninsa ba. Matar mai gidanmu, wadda muke kira Inna, ita ta aiko mana da irin alayyafo a ƙullin leda, ta ce mu watsa a gefen kankanar. Mun karɓa ne don kunya. Cikin sati huɗu ya isa yanka, kuma in ka yanka ya sake tohowa. Da azumi ya shigo, babu gidan da ba ya neman ganye, na miya ko na kwaɗo. Kullum da safe yara mata masu talla na jiran mu da faranti. Kuɗin ba su da yawa, amma su suka riƙa sayen man injin, su suka biya hayar wata biyu.

Azumin bazara a bakin ruwa wani abu ne daban. Da azahar iska kan tsaya cik, kwanon ɗaki ya yi kamar tanda, ga ruwa shimfiɗe a gabanka ba damar kurɓa. Dam ɗin kansa ya riƙa ja da baya, kullum sai mun ƙara tsawon tiyo, taɓon da ya bari yana tsattsagewa. Ban ruwa sai bayan asuba ko gab da la'asar. Amma da an kira magariba, kwanuka ke shigo mana daga gidajen da ba mu ma san masu su ba: kunun tsamiya, ƙosai, wani lokaci dambu. Limamin garin da ya ji ɗayanmu ya sauke Alƙur'ani, sai ya riƙa tura shi gaba a asham. Yaran da ke shirin jarrabawar JAMB su biyar suka mayar da zaurenmu aji. Ba mu karɓi ko sisi ba, iyayensu kuma ba su bar mu mun sayi itace ko mangwaro ba.

Ba kullum ne lafiya ba. Wani dare a cikin goman tsakiya aka ji harbi daga nesa, ta yamma. Baba ya ƙwanƙwasa mana, ya ce mu kashe fitila, mu sa takalma, mu zauna. Haka muka zauna har aka kira assalatu, ba mai cewa uffan. Da gari ya waye aka ce wani ƙauye ne can gaba aka kore wa shanu. Ranar mun yi shawarar komawa gida, biyu na so, biyu ba sa so. Da muka fita muka tarar kowa ya tafi lambunsa kamar kullum. Mu muna da gidan komawa a Funtua. Su nan ne gidan. Muka ɗauki tiyo muka bi su, amma daga ranar jakunkunanmu a ɗaure suke kwana.

Akwai kuskure guda da muke roƙon duk mai karanta wannan shafi kada ya maimaita. Saboda zafi, mun riƙa faɗawa ruwan muna wanka bayan an sha ruwa ko da sassafe. Sai bayan mun koma gida da makonni ɗayanmu ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta ratsa fatar mutum ba tare da ya ji ba. A asibiti aka gwada mu duka, aka ba mu maganin da ake kira praziquantel. Yaran garin da yawa suna da ita, wasu ma sun ɗauka alamar girma ce. Ba ita ba ce, kuma in an bar ta tana lalata mafitsara.

Kankanarmu ta nuna bayan Sallah da kusan sati biyu, lokacin da kasuwarta ta faɗi. Wani dillali ya zo ya zagaya, ya ƙwanƙwasa wannan ya ƙwanƙwasa waccan, ya taya a wulaƙance. Muka ƙi, muka kai kasuwa da kanmu a motar haya, muka sayar da abin da bai fi tayinsa da komai ba in an cire kuɗin mota. Da muka zauna lissafi, uwar kuɗi ta dawo da ƙyar. Kuɗin rajistar nan muka fara warewa, sauran muka raba, kowa ya samu abin da bai kai kuɗin takalmi ba.

A makon ne muka tashi da safe muka ga shamuwa biyu a kan kukar bakin masallaci. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma, motocin da ke shigowa garin kuma cike suke da 'yan cin rani, da katifu da rediyo da buhunan taki a saman. Ɗan Baba ya iso ran wata Laraba daga Legas. Muka share masa ɗakinsa, muka bar masa tabarmarmu da fitilar sola. Inna ta ba mu sauran irin alayyafon a ƙullin leda, ta ce na baɗi ne.

Ba a janye yajin aikin ba sai ranar 14 ga Oktoba. Irin yana nan a aljihun jakar mai karatun aikin gona, a Samaru.