Maigida a Zaure, Tukunya a Cikin Gida: Wa Ya Kamata a Tambaya Kan Tsabtar Abinci?

Ya ku iyaye mata, da ku ƴan sa-kai masu bi gida-gida a Gure, Gidigir, Kelle, Bune da sauran garuruwanmu:

Idan ma'aikata suka zo da takardar tambayoyi kan abinci da ruwan sha, galibi maigida ne ke fitowa zaure. Shi za a tambaya inda ake ɗebo ruwa, ko ana tafasa madara, da tsawon lokacin da kunun yaro ke yi a kwano kafin ya shanye. Zai amsa da iyakar saninsa, amma ba shi ya ɗora tukunyar ba. Abin da aka rubuta daga bakinsa shi za a kai ofis, da shi kuma za a tsara taimakon da zai dawo gare ku. Idan tambaya ta sauka a kan wanda bai ga abin ba, maganin ma sai ya sauka a inda ciwon ba ya nan.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kashe mutum 420,000 a duniya kowace shekara, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Sai dai jimilla irin wannan ba ta faɗa mana wanda ya fi shiga haɗari a cikin gida ɗaya. Abin da ya faru a maƙwabtanmu ya fi nuna hakan.

A watan Afrilu na 2017 aka tabbatar da ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jihar Difa, ciwon da ke bin ruwan sha da ƙazanta ta shiga. Maza da mata rijiya ɗaya suke sha, amma zuwa farkon watan Mayu, cikin mutum 27 da suka rasu, duka mata ne masu juna biyu in ban da mutum ɗaya. Mutum mai ƙarfi yakan yi shawara na ƴan makonni ya warke. Mai ciki kuwa, musamman a watanni uku na ƙarshe, hantarta na iya gazawa, har a rasa ɗaya cikin huɗu ko biyar. Da a ce an rubuta "mutum 27" kawai aka rufe littafi, da ba a san inda za a fara kai sabulu da tsabtataccen ruwa ba.

Shekara guda kafin nan, a 2016, zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓulla a Cintabaraden da Tasara cikin jihar Tawa. A nan, a farkon ɓarkewar, maza ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kamu, makiyaya da manoma, waɗanda aikinsu ke haɗa su da jinin dabba, da yanka, da dabbar da ta yi ɓari.

Ku lura, dalilan ba iri ɗaya ba ne. Na Difa daga halittar jiki ne: ciki yana sauya yadda jikin mace ke kare kansa. Na Tawa kuwa daga rabon aiki ne, wato abin da al'ada ta ɗora wa namiji ko mace. Bincike na ƙwarai yana duba duka biyun, domin sau da yawa sukan haɗu a kan mace ɗaya. Ita ce mai ciki, ita ke zuwa rijiya, ita ke wanke kashin yaro, ita ke ɗanɗana nono kafin ta kai kasuwa, kuma a gidaje da yawa ita ke cin abin da ya rage bayan kowa ya ƙoshi. Wannan na ƙarshe ba a cika faɗarsa ba, kuma a ganina shi ya fi cancanta a tambaya. Abincin da ya daɗe a ajiye cikin zafin Gure shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka fi yawa a cikinsa. Haka nan idan aka tsince gyaɗa, mai kyau takan tafi kasuwa, mai ruɓa da fumfuna ta zauna a gida a yi miya da ita. Gubar wannan fumfuna ba ta mutuwa da dafuwa, tana cutar da hanta, kuma bincike a Gambiya da Benin da Togo ya danganta ta da rashin girman yara.

Ɗan'uwa ko ƴar'uwa mai aikin sa-kai, idan ka shiga gida, fara da neman izinin maigida kamar yadda aka saba, sannan ka roƙi a bar ka ka ji daga bakin wadda ta yi girkin. Inda namiji ba zai shiga ba, a tura mace. Duk mai gudawa, amai ko shawara da za ka rubuta, ka sa namiji ne ko mace, shekarunsa, da ko matar tana da ciki ko tana shayarwa. Tambayar ciki a yi ta a keɓe. Mai cikin fari ba za ta amsa a gaban surukarta ba, za ta sunkuyar da kai ne kawai, kai kuma ka rubuta "babu". Kada a manta da maza: a tambaye su wa ya yi yanka, wa ya taɓa ɓarin akuya da hannu, wa ke shan ɗanyar madara a wurin kiwo. A gidan da akwai kishiyoyi, kowace da randarta da ranar girkinta, don haka amsar ɗaya ba ta wadatar wa ɗayar.

Ke kuma uwa, amsa tambaya ba dole ba ce, kuma ƙin amsawa ba zai hana ɗanki magani ko abincin tamowa ba. Amma idan kin yarda, ki faɗi yadda abin yake, ba yadda kike jin ana son a ji ba. Ba a zo kama laifin kowa ba.

Kafin wani bincike ya iso, ga abin da ke hannunki. Ki tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da nono. Ɗumame ya yi zafi har tsakiya, ba ɗumi kawai ba. Kunun yaro kada ya wuce awa biyu a ajiye. Gara a dama kaɗan-kaɗan. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci a zubar. Ki ci gaba da ba da nono ko da yaro yana gudawa, kuma jariri ɗan ƙasa da wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ba ruwa. Idan kina da ciki kika ga idonki ya yi rawaya, ko fitsarinki ya yi duhu, ko zazzaɓi ya zo da amai, ki je gidan likita a ranar, kada ki jira ranar awo.