Murɗin Zare da Haƙiƙar Sarari

A ƙasar Bakori, inda aka daɗe ana noman auduga, mai kaɗi tana iya murza mazari dama ko hagu. Zaren biyu kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, amma murɗin wannan tamkar hoton wancan ne cikin madubi. Kowace juyawa aka yi masa, ba zai zama ɗan'uwansa ba. To, ina bambancin ya ɓuya?

Masana falsafa sun daɗe suna gardama kan wannan. Newton ya ce sarari abu ne mai zaman kansa. Leibniz ya musa, cikin wasiƙunsa ga Clarke a 1715 da 1716, ya ce sarari dangantakar abubuwa ce kurum. A 1768 Kant ya goyi bayan Newton da misalin hannu: da hannu guda ne kaɗai aka halitta, tilas ya kasance dama ko hagu, alhali dangantakar gaɓoɓinsa ɗaya ce.

Amma a 1827 Möbius ya nuna cewa da akwai fuska ta huɗu, bayan tsawo da faɗi da zurfi, da zaren dama ya juyu ya koma na hagu. Ashe bambancin ya rataya ne ga siffar sararin da zaren yake ciki.